Tsagen Gado a Cikin Dutse: Aisotof a Aman Duwatsun Tsibiran Teku da Asalin Wadatacciyar Tsokar Ƙasa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda masana kimiyyar ƙasa suke amfani da aisotof na sinadaran sitirontiyam da niyodimiyam da darma wajen gano salsalar narkakken dutsen da ke fitowa a tsibiran teku irin su Hawai da Samoa da Pitcairn. Ta fara da shimfiɗa kalmomin da za a yi aiki da su a Hausance, sannan ta fayyace dalilin da ya sa aisotof yake zama shedar asali. Daga nan ta bibiyi muhawarar masana a kan tushen abin da ake kira wadatacciyar tsokar ƙasa. Maƙalar ta nuna cewa hujjojin da aka tara daga shekarar 1964 zuwa yau sun karkata ga ra'ayin cewa wani ɓangare na abin da ke fitowa daga can ƙarƙashin ƙasa tsohon kayan doron ƙasa ne da ya nitse, ya daɗe, sannan ya dawo.

1.0 Gabatarwa

Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa a tsaye yana yankin Kola na ƙasar Rasha, kuma zurfinsa ya ɗan haura kilomita 12. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kuwa akwai tazarar kimanin kilomita 6,370. Ke nan duk wanda yake son sanin abin da ke cikin duniya dole ya dogara ga 'yan aike, domin ba shi da hanyar zuwa da kansa. 'Yan aiken nan iri biyu ne. Na farko shi ne girgizar ƙasa, wadda motsinta yake ratsa cikin duniya ya nuna inda ke da tauri da inda ke da laushi. Na biyu shi ne narkakken dutsen da duwatsu masu aman wuta suke fitarwa, wanda ake iya ɗauka a kai ɗakin gwaji a auna.

Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan ɗan aike na biyu. Tambayar da take son warwarewa ita ce: shin cikin duniya gauraye yake sumul, ko kuwa akwai sassa mabambanta da kowanne yake riƙe da tarihinsa? Idan akwai su, daga ina suka samo asali? Amsar wannan tambaya ita ce take nuna makomar ƙasan teku da lakar nahiyoyi waɗanda suke ta nitsewa cikin duniya tun shekaru biliyoyi da suka wuce.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Za a iya kwatanta duniya da ɗan mangwaro mai ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon ƙasa shi ne sashe na waje. Kaurinsa a ƙarƙashin teku bai wuce kimanin kilomita 7 ba, a nahiyoyi kuma yakan kai kilomita 35 a matsakaicin lissafi. Tsokar ƙasa ita ce ke biye da shi har zuwa zurfin kimanin kilomita 2,900, kuma ita ce ta cinye wajen kashi 84 cikin ɗari na girman duniya. Ƙwallon ƙasa shi ne na can ciki, wanda galibinsa ƙarfe ne. Ya kamata a lura cewa tsokar ƙasa dutse ce daskararre. Sai dai tsananin zafi yana sa ta motsa a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma takan narke ne kawai a wasu wurare kusa da sama.

Ɓawon ƙasa tare da saman tsokar sun rarrabu zuwa manyan farantai masu tafiya. A inda farantai biyu suke rabuwa a ƙarƙashin ruwa, wato doron tsakiyar teku, narkakken dutse yana fitowa ya zama sabon ɓawo. A inda suke karo kuma, ɗaya yakan nitse ƙarƙashin ɗaya ya koma cikin tsoka, kamar yadda yake faruwa a gaɓar Japan da ta yammacin Amurka ta Kudu. Baƙin dutsen da ake samu idan narkakken dutsen tsokar ƙasa ya huce shi ake kira basalti.

3.0 Murhun Ƙasa da Jerin Tsibirai

Yawancin duwatsu masu aman wuta suna bakin farantai ne. Amma tsibiran Hawai suna tsakiyar farantin Fasifik, nesa da kowace iyaka da dubban kilomitoci. A shekarar 1963 masanin ƙasar Kanada, J. Tuzo Wilson, ya kawo bayanin cewa akwai wani wuri mai zafi a ƙarƙashin farantin wanda ba ya gusawa sosai, farantin ne yake wucewa ta kansa. Wannan wuri shi maƙalar ta kira murhun ƙasa. Duk sashen farantin da ya hau kan murhun sai ya huje, tsibiri ya tsiro, bayan wani lokaci farantin ya ja shi gaba, wutarsa ta mutu, wani sabo ya maye gurbinsa. Shekarun tsibiran sun gaskata wannan bayani. Babban tsibirin Hawai har yanzu yana amai, tsibirin Kauai da ke arewa maso yamma ya kai kimanin shekara miliyan 5, jerin duwatsun da teku ya rufe kuwa ya miƙe wajen kilomita 6,000 har zuwa waɗanda suka kai kimanin shekara miliyan 80.

A shekarar 1971 W. Jason Morgan na Jami'ar Princeton ya ƙara da cewa murhun bakin wani dogon ginshiƙi ne na dutse mai zafi da yake tasowa daga can ƙasan tsoka. Idan haka ne, basaltin tsibiran teku yana ɗauke da labarin wuraren da suka fi zurfi nesa ba kusa ba a kan inda basaltin doron tsakiyar teku yake fitowa. Akwai kuma wata fa'ida. Narkakken dutsen da ya fito a tsakiyar teku bai ratso ta kaurin ɓawon nahiya ba, saboda haka da wuya a ce a hanya ya kwaso alamar nahiya.

4.0 Aisotof a Matsayin Tsagen Gado

Kowane sinadari ana gane shi ne da yawan furoton da ke cikin ƙwayar zarrarsa. Amma ƙwayoyin sinadari ɗaya suna iya bambanta a yawan niyutron, wanda hakan yake sa wasu su fi wasu nauyi. Waɗannan 'yan gida ɗaya masu bambancin nauyi su ake kira aisotof, kuma ana rubuta nauyin kowanne a gaban sunansa, kamar sitirontiyam-86 da sitirontiyam-87.

Wasu aisotof ba su da tabbas, sukan rikiɗa a hankali su koma wani sinadarin. Wanda ya rikiɗa shi ne uwa, wanda aka samu kuma shi ne 'ya. Lokacin da rabin uwar yake ɗauka kafin ya rikiɗa sananne ne, kuma zafin cikin ƙasa ko matsinta ba sa sauya shi. Rubidiyam-87 yana komawa sitirontiyam-87, rabinsa yana rikiɗa a cikin kimanin shekara biliyan 49. Samariyam-147 yana komawa niyodimiyam-143 a kimanin shekara biliyan 106. Yuraniyam-238 yana komawa darma-206 a shekara biliyan 4.47, yuraniyam-235 yana komawa darma-207 a shekara miliyan 704, toriyam-232 kuma yana komawa darma-208 a kimanin shekara biliyan 14. Abin da ake aunawa a ɗakin gwaji shi ne gwargwadon 'yar a kan wata 'yar'uwarta da ba ta ƙaruwa, misali sitirontiyam-87 a kan sitirontiyam-86, ko darma-206 a kan darma-204.

Ƙa'idoji biyu ne suke riƙe da wannan fanni. Ta farko ita ce narkewar dutse ba ta tankaɗe aisotof na waɗannan sinadarai masu nauyi. Gwargwadon da ke cikin tushen shi ne zai bayyana a cikin abin da ya narke. Kamar yadda tsagen fuska yake nuna gidan da mutum ya fito ko da an haɗu da shi a wata uwa duniya, haka gwargwadon aisotof yake nuna tushen basalti. Ƙa'ida ta biyu ita ce narkewa tana raba uwa da 'ya, domin su sinadarai ne daban-daban. Rubidiyam ya fi sitirontiyam saurin shiga cikin abin da ya narke, haka niyodimiyam ya fi samariyam. Ɓawon nahiyoyi, wanda aka tatso daga tsoka ta hanyar narkewa, ya tara rubidiyam mai yawa, don haka bayan shekaru biliyoyi sitirontiyam-87 ɗinsa ya yi sama, niyodimiyam-143 ɗinsa kuma ya yi ƙasa. Tsokar da aka tatsa ta sami akasin haka.

Daga nan ne ma'anar kalmomi biyu masu muhimmanci take fitowa. Tatsattsiyar tsoka ita ce wadda ta rasa sinadarai masu saurin bin narkewa. Wadatacciyar tsoka kuwa ita ce wadda aisotof ɗinta yake nuna cewa ta daɗe tana ɗauke da waɗannan sinadarai fiye da kima.

5.0 Gidaje Huɗu na Tsokar Ƙasa

A shekarar 1964 Paul Gast da George Tilton da Carl Hedge suka auna darma da sitirontiyam a duwatsun tsibiran Ascension da Gough na Tekun Atlantika ta Kudu, suka tarar tsibiran biyu sun sha bamban. Tunda irin wannan bambanci yana buƙatar dogon zamani kafin ya ginu, binciken ya zama sheda ta farko mai ƙarfi cewa tsokar ƙasa ba a gauraye take sumul ba. Ta fi kama da furar da ba a gama damawa ba, wadda gaya ya rage a cikinta.

Bayan shekaru ashirin ana tara awo daga tekuna daban-daban, sai William White a 1985, da Alan Zindler tare da Stanley Hart a 1986, suka rarraba sakamakon zuwa rukunoni. Sunayen da Zindler da Hart suka yi amfani da su su ne suka zauna. DMM ita ce tatsattsiyar tsokar da ke ciyar da doron tsakiyar teku, gwargwadon sitirontiyam ɗinta kimanin 0.7025 ne. HIMU ita ce mai darma-206 da yawa, inda gwargwadonta a kan darma-204 yake haura 20.5, alhali sitirontiyam ɗinta bai yi nisa da na DMM ba. Ana samun ta a tsibirin Sant Helena da Mangaia da Tubuai. EM1, wato wadatacciyar tsoka ta ɗaya, tana da sitirontiyam matsakaici, wajen 0.705, da niyodimiyam-143 kaɗan, da darma-206 kaɗan ƙwarai, kuma fitattun wurarenta su ne Pitcairn da Tristan da doron Walvis. EM2, wadatacciyar tsoka ta biyu, ita ce mai sitirontiyam-87 mafi yawa, ana samun ta a Samoa da tsibiran Society, inda Tahiti take. Yawancin tsibirai suna faɗowa ne a tsakanin waɗannan gidaje, wato gauraye suke.

Hart ya kuma lura a 1984 cewa wadatacciyar tsoka ta fi yawa a wani faffaɗan yanki na kudancin duniya. Ya raɗa wa yankin suna DUPAL, daga sunayen masanan Faransa biyu, Bernard Dupré da Claude Allègre, waɗanda suka fara nuna alamar a Tekun Indiya.

6.0 Asalin Wadatacciyar Tsoka

A shekarar 1982 Albrecht Hofmann da William White suka gabatar da ra'ayin da ya sauya alƙiblar fannin. A ganinsu, ɓawon tekun da yake nitsewa ba ya ɓacewa. Yakan gangara ya taru a ƙasan tsoka, ya zauna shekara biliyan ɗaya ko biyu yana ɗaukar zafi, daga baya ya taso a cikin ginshiƙan da Morgan ya siffanta. Wannan ra'ayi ya dace da HIMU. A lokacin nitsewa, ruwan da ke fita daga farantin yana kwashe darma da rubidiyam fiye da yadda yake kwashe yuraniyam. Abin da ya rage yana da yuraniyam mai yawa idan aka gwada da darma, ga kuma rubidiyam kaɗan, don haka darma-206 takan yi ta ƙaruwa, sitirontiyam-87 kuwa ya tsaya kusan inda yake. Sai dai ɓawon teku shi kaɗai ba zai haifar da EM1 ko EM2 ba. Dole a nemi wani abin da ya nitse tare da shi.

6.1 EM2 da Lakar Nahiyoyi

Koguna suna zaizaye nahiyoyi suna zuba laka da rairayi a bakin teku, wani ɓangare na lakar kuma yana bin farantin da ke nitsewa. Tunda saman ɓawon nahiya shi ne ya fi kowane sashe sitirontiyam-87, tun farkon shekarun 1980 aka fara zaton cewa wannan laka ce tushen EM2. Ra'ayin ya gamu da suka. A 2004 Rhea Workman da abokan aikinta suka nazarci duwatsun Samoa, inda gwargwado mafi girma da suka samu ya kai 0.7089. Sun ga cewa sauran sinadaran duwatsun ba su yi daidai da na laka ba, sai suka fifita bayanin cewa tsohon narkakken dutse ne ya jiƙa ƙasan farantin teku kafin ya nitse.

Shekaru uku bayan haka, a 2007, Matthew Jackson da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon duwatsun da aka yaso daga gefen tsibirin Savai'i a ƙarƙashin ruwa. Gwargwadon sitirontiyam ɗinsu ya haura 0.720, adadin da ba a taɓa gani ba a basaltin tsibirin teku, sauran sinadaransu kuma sun yi kama da na saman ɓawon nahiya. Da yake Samoa tana kusa da ramin Tonga, inda faranti yake nitsewa a yau, an duba ko lakar zamanin nan ce ta shiga, amma aisotof na darma bai dace da ita ba. Abin lura shi ne Jackson da Hart suna cikin marubutan binciken 2004 da na 2007 duka. Sabuwar sheda ce ta sa suka sake matsayi. A yau mafi yawan masana sun amince cewa EM2 ta Samoa tana ɗauke da kaso kaɗan cikin ɗari na tsohuwar lakar nahiya.

6.2 EM1 da Saɓanin Masana

Lamarin EM1 ya fi wuya. Ƙarancin darma-206 yana nuna cewa tushenta ya daɗe da ƙarancin yuraniyam idan aka gwada da darma, yawan darma-208 kuma yana nuna toriyam ya rinjayi yuraniyam. Abubuwa uku ne suke iya cika wannan sharaɗi. Na farko shi ne lakar tsakiyar teku, wadda take taruwa a hankali nesa da nahiyoyi kuma take da darma mai yawa. Jürgen Eisele da abokan aikinsa sun goyi bayan wannan a nazarinsu na Pitcairn a 2002. Na biyu shi ne ƙasan ɓawon nahiya, wanda zafi da matsi suka rage masa yuraniyam, kuma yana iya shiga tsoka idan farantin da ke nitsewa ya kankare gindin nahiya. Matthias Willbold da Andreas Stracke suna cikin masu wannan ra'ayi. Na uku shi ne tsohuwar tsokar da ke manne a ƙarƙashin nahiyoyi, wadda takan ɓalle ta nitse, kamar yadda Dan McKenzie da Keith O'Nions suka kawo a 1983.

A nan ne iyakar wannan hanya take bayyana. Aisotof yana faɗin gwargwadon uwa da 'ya da tsawon zamanin da suka zauna tare, amma ba ya ambaton sunan dutsen. Tarihi biyu mabambanta suna iya ƙarewa da adadi ɗaya. Mai yiwuwa ma EM1 ta Pitcairn da ta Tristan ba tushensu ɗaya ba, musamman da yake murhun Tristan ya fara aiki ne a ƙarƙashin nahiya, a lokacin da Afirka da Amurka ta Kudu suke rabuwa kimanin shekara miliyan 130 da suka wuce.

6.3 Shedar Farar Wuta

Wata sheda ta daban ta zo daga farar wuta. A 2000 James Farquhar da abokan aikinsa suka nuna cewa tsofaffin duwatsun doron ƙasa suna ɗauke da wata baƙuwar alama a aisotof na farar wuta. Alamar tana samuwa ne idan hasken rana ya bugi hayaƙin duwatsu masu aman wuta a sararin da babu iskar oksijin, kuma ta daina bayyana kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, lokacin da oksijin ya fara taruwa a sama. A 2013 Rita Cabral da abokan aikinta suka ba da rahoton samun wannan alama a cikin ƙananan ƙwayoyin da ke kulle a duwatsun Mangaia, waɗanda shekarunsu ba su wuce kimanin miliyan 20 ba. A 2016 Hélène Delavault da abokan aikinta suka ba da irin wannan rahoto daga Pitcairn. Ma'anar wannan ita ce farar wutar da ta taɓa shan hasken rana kafin a sami oksijin a sama ta nitse, ta shafe fiye da rabin shekarun duniya a cikin tsoka ba ta gauraye ba, sannan ta fito a tsakiyar Tekun Fasifik.

7.0 Layin Kamaru da Tudun Biu

Wannan muhawara ta taɓo yankin Afirka ta Yamma ta hanyar layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru. Layin ya kai kimanin kilomita 1,600. Ya faro daga tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, ya miƙa zuwa tsaunukan Adamawa, kuma ana lissafa tudun Biu na Jihar Borno a matsayin ƙarshensa na arewa. Rabinsa yana teku, rabinsa yana nahiya, don haka ya zama wurin gwaji na musamman.

A 1985 Godfrey Fitton da H. M. Dunlop suka nuna cewa basaltin sashen teku da na sashen nahiya kusan iri ɗaya ne, wato tushensu yana ƙasa da farantin. Alex Halliday da abokan aikinsa sun gano daga baya cewa darma-206 ta fi yawa a daidai inda teku da nahiya suka haɗu, inda ta doshi ta HIMU. A 2005 kuma Kai Rankenburg da abokan aikinsa suka nazarci duwatsun tudun Biu da na Jos, suka nuna cewa narkakken dutsen ya kwaso wata alamar daga tsokar ƙarƙashin nahiya da kuma ɓawonta a kan hanyarsa ta fitowa. Bugu da ƙari, shekarun duwatsun layin ba su jeru daga tsoho zuwa sabo kamar na Hawai ba, saboda haka bayanin murhu guda ɗaya bai wadatar da shi ba. Darasin da ke nan shi ne alamar wadata a dutsen nahiya ba lallai daga ƙasan tsoka ta fito ba, dole a fara tace abin da aka kwaso a hanya.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gwargwadon aisotof a basaltin tsibiran teku ya tabbatar da samuwar sassa mabambanta a cikin tsokar ƙasa, waɗanda wasunsu suka haura shekara biliyan biyu ba su gauraye ba. HIMU ta fi dacewa da tsohon ɓawon teku, EM2 ta Samoa kuma da lakar saman nahiya. EM1 ce har yanzu ake ja-in-ja a kanta tsakanin lakar tsakiyar teku da ƙasan ɓawon nahiya da tsokar gindin nahiyoyi, ko da yake shedar farar wuta daga Pitcairn ta ƙarfafa cewa wani ɓangare nata ya taɓa zama a doron ƙasa. Ta fuskar harshe kuma, kalmomi irin su tsokar ƙasa da murhun ƙasa da tatsattsiyar tsoka da wadatacciyar tsoka shawarwari ne da aka gina a kan ma'anar da Bahaushe ya riga ya sani. Ya rage ga masana harshe da malaman kimiyyar ƙasa su zauna tare su tantance su, domin ɗalibin da ya tashi a gindin duwatsun Biu ko na Panyam ya iya karanta tarihinsu cikin Hausa.